Na Tafi Neman Kindilari, Na Dawo da Haƙorin Dorina

Daga Fagge

Ladanin unguwarmu bai ko gama gyaran murya ba na fito daga gida, jaka a kafaɗa, buta a hannu, na nufi Sabon Gari a ƙafa. A shekarar da aka buɗe makarantun firamare na kyauta ne, lokacin da kuɗi ya yi yawa a gari, kowa ya sayi babur, wanda bai saya ba kuma ya sayi hular kwano yana jira. Ni Bukar sunana, tela ne, a Fagge aka haife ni, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Wudil ba. Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni, don kada ku zaci yawon buɗe ido na tafi.

Mahaifina Malam Modu Babarbare ne. Yana saurayi ya baro garinsu Kindilari, can bakin tafkin Chadi, bai sake komawa ba. Duk Fagge Baba Dorina ake ce masa. Labarin da yake bayarwa shi ne, wai yana yaro dorina ta fito daga ruwa, ya tare ta shi kaɗai, har sai da duk garin ya fito, daga ranar aka laƙaba masa Ngurtu, wato dorina da yarensu. Kullum bayan la'asar sai ya ba da labarin nan a majalisar ƙofar gidanmu, kuma kowace shekara sai dorinar ta ƙara girma.

Abokin zamansa shi ne maƙwabcinmu Baba Jauro, Bafillatani, tsohon dillalin shanu. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Tun ina rarrafe suke tsokanar juna, ban taɓa ganin ɗayansu ya yi fushi ba, sai ranar da Baba Jauro ya zo da kalandar da aka ba shi a gidan mai, mai ɗauke da taswirar sababbin jihohi. Duk ɗan bokon da ya zo wucewa sai ya tsayar da shi ya ce ya nemo masa Kindilari. Aka duba, aka sake dubawa, babu.

"Modu," in ji shi, "garin da ko kalanda ba ta sani ba, anya ba daga sama ka faɗo ba?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Baba kuwa yanar ido ta riga ta rufe masa gani, ba shi da halin ya karɓa ya duba da kansa. Ya lalubi sandarsa ya shige gida. Daga ranar bai ƙara fitowa ba. Tuwo ya shiga ɗakinsa ya fito kamar yadda ya shiga, rigar da na ɗinka masa da sallah ta koma kamar ta aro. Baba Jauro ya aiko da fura, aka mayar masa da ita. Abin ya tsorata ni ƙwarai, don na ga tsohon nan yana ƙarewa a gabana.

Shi ne na ce zan je in gano garin da idona. Baba ya ce, "Ka duba mini ko ruwa na nan a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. Ka duba mutane. Ka kuma tambaya ko akwai mai tuna Ngurtu." Baba Jauro ya tare ni a zaure, muryarsa a sanyaye amma bakin bai mutu ba, ya ce, "Ka duba har da makaranta. A zamanin nan garin da ba boko ba gari ba ne, ko rugarmu an kai mana."

Sabon Gari zuwa Wudil

A bayan kasuwar Sabon Gari na iske gingimarin da zan bi. Maman Emeka ce ta ɗauki shatarta. Ita kuwa Inyamura ce mai fataucin banda, wato kifin da ake kyafewa, takan je bakin tafki ta saro ta kawo Kano. Ni nake ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta, shi ya sa ta ba ni wuri a gidan gaba kyauta. Hausa a bakinta kuwa, idan tana ciniki ta bayan labule sai ka rantse 'yar kasuwar Kurmi ce.

Muka yi sallar asuba a gefen mota da direba, wani siriri ana ce masa Ɗanlami, wanda na lura tun kafin mu fita gari ya fi yarda da hon a kan birki. Da muka ɗauki hanya na ce, "Mama, kin taɓa jin Kindilari?"

Ta ce, "Wacce daga ciki?"

Na ɗauka tsokana ce, irin wadda Baba Jauro ya baza a unguwa, sai na juya na kalli taga. Rana na fitowa muka iso gadar Wudil. Da na leƙa na ga ruwa a ƙarƙashinmu, ga gadar ba faɗi, ga Ɗanlami yana tuƙi da hannu ɗaya yana ɓare goro da ɗayan, sai na kama karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Maman Emeka ta dube ni ta ce, "Ashe ɗan Dorina ma yana rufe ido a kan gada?" Na ce ƙura ce ta shigar mini.

Azare, Fataskum, Damaturu

Hanya cike take da manyan motocin siminti, kamar za a sumunce ƙasar gaba ɗaya. A gefen titi kuma ga sababbin motoci a kife, wasu ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Ɗanlami ya riƙa nuna mini su yana cewa masu su sun sami kuɗin mota kafin su sami hankalin tuƙi, yana faɗa yana wuce tirela a kan kwana.

A Azare muka karya da ƙosai da koko. Kafin Fataskum taya ta yi bindiga, muka yi azahar da la'asar a gindin wata kuka muna jiran faci. A Fataskum na ci tsiren da har yau ban ci irinsa ba, mai tsiren kuma ya ƙara mini yanka biyu da ya ji daga Kano nake, wai don in je in ba da labari. To ga shi na bayar. Magariba ta yi mana a Damaturu, muka kwana a rumfar tasha, ni a kan tabarmar haya ta kwabo goma, wadda na tarar akwai masu haƙƙi a cikinta tun kafin in zo, suka kuwa karɓi nasu kason a jikina.

Shingen Maiduguri

Da hantsi, dab da shiga Maiduguri, masu kaki suka tsayar da mu a shinge. Wani dogo mai zube a kumatu ya leƙo ya tambayi sunana. Na ce Bukar Modu. Da na ga fuskarsa ta saki, sai rawar kai ta ɗebe ni, na ƙara da "Wushe," gaisuwarsu, wadda ita ce rabin Barbarcin da na iya. Ai kuwa mutumin nan ya ɓalle da yare kamar an buɗe famfo. Na ce "Wushe." Ya sake zubo wani. Na sake cewa "Wushe." Fuskarsa ta fara komawa yadda take.

Maman Emeka ce ta cece ni. Ta leƙa ta kaina ta yi masa magana da Barbarci tiryan-tiryan, ya dube ni ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota, ya ɗaga mana sanda. Na ce, "Mama, me kika ce masa?" Ta ce, "Cewa na yi Babarbaren kanti ne kai, a Kano aka harhaɗa ka, ba a sa maka harshe ba."

A gidan wani dillalin kifi muka sauka. Aka kawo mana burabisko da miyar kuka ta sha man shanu, gidan kuwa ko'ina ƙamshin turaren wuta, har butata sai da ta ɗauka. Da yamma na tambayi mutum uku a ƙofar gidan inda Kindilari take. Duka ukun sun san ta, wannan ya faranta mini rai. Amma na farko ya ce tana kan tudu, na biyu ya ce tana tsakiyar gonaki, na uku ya ce a cikin ruwa take, har suka fara musu a kaina.

Kindilari ta farko

Washegari muka bar Ɗanlami da gingimarinsa a Monguno, don hanyar da za mu ratse yashi ce zalla, muka hau wata tsohuwar Landiroba da ke jigilar 'yan kifi. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, ba dutse ba tudu, sai ƙaya da tumfafiya da raƙuma. Muka yi ta tafiya muna sauka muna turi. Wajen azahar direba ya taka birki ya ce, "Mai Kindilari ya sauka."

Na sauka. Ga tsamiya nan, ƙatuwa, kamar yadda Baba ya siffanta, har da reshen da ya karkata gabas. Na yi hamdala. Na juya in ga ruwa, sai masara. Gabas masara, arewa masara da wake, iya ganin ido. Gidaje kuwa sai kufai, sai 'yan bukkoki da ba su kai a kira su unguwa ba. Abu ɗaya ne sabo fil a wurin: makaranta mai aji biyu, ginin bulo da rufin kwano yana ƙyalli, an rataye tsohon ƙarfen taya a jikin tsamiyar Baba a matsayin ƙararrawa.

Hedimasta ya fito ya tarbe mu, wani matashi Malam Haruna, mutumin Gashuwa, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Shi ne hedimasta, shi ne malamin aji ɗaya, shi ne kuma mai buga ƙarfe. Ya zaunar da mu a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife ya zama benci.

Na ce, "Malam, ina ruwan?"

Ya ce, "Ya yi gaba. Tun shekarun farin nan yake ja da baya, mutane kuma suna bin sa. Nan ce Kindilari ta asali. Da ruwa ya matsa, suka tashi suka kafa wata, suka sa mata Kindilari. Da ya sake matsawa, masunta suka sake tashi suka kafa ta uku, ita ma Kindilari, manoma suka tsaya a ta tsakiya suna shuka inda ruwa ya bari."

"To me ya sa aka gina makaranta a nan?"

"Nan takarda ta ce gari yake. Ɗan kwangila ya zo ya tarar da tsamiya, ya sauke bulo."

Ya shigar da ni aji. Yaran ba su cika benci uku ba, sauran sun tafi taya iyayensu shanyar kifi, ya ce sai kasuwar kifi ta lafa ajin ke cika har a zauna a taga. Waɗanda ke zuwa daga bakin ruwa a kan jakuna suke zuwa, biyu-biyu, kafin su iso an ci rabin darasi. Makarantar allo ita ba ta da wannan matsala, malaminta yakan ɗora alluna a jaki ya bi gari duk inda ya koma. A bangon ajin ga taswira babba, an shafa wa tafkin shuɗi har ya taɓo daidai inda muke tsaye. Malam Haruna ya ɗauki sanda ya ce, "Yara, garinmu yana ina?" Suka amsa baki ɗaya, "A bakin tafki!" suna faɗa suna kallon masara ta taga. Ya ce mini a hankali, "Abin da za a tambaye su a jarrabawa ke nan. Idan na koya musu abin da ke taga, su faɗi."

Na duba taswirar tasa da kyau, ita ma babu Kindilari. Ya ce ai garin da ba ya zama wuri ɗaya, mai zane a ina zai ɗiga masa alƙalami? Wannan magana na adana ta a aljihu saboda Baba Jauro.

Kindilari ta tsakiya

Ba mu daɗe a nan ba. Gari ne na zana da rumbuna, ƙasarsa baƙa mai taushi, cike da ɓawon katantanwa, alamar da can ƙasan ruwa ce. Ba sa jiran damina, danshin da tafki ya bari shi ke raya shuka. Na sami mai unguwa yana gyaran rumbun masara, na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen garin nan za su kai nawa?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Daga wajen masu haraji kake?"

Na ce a'a, tela ne ni.

Ya ce, "To tela, mu nan ba ma ƙirga mutum. Akuya ake ƙirgawa. Muna nan dai yadda Allah ya ajiye mu, wasu sun tafi ruwa, wasu sun dawo." Na tambayi wata mata 'ya'yanta nawa, ta tofa a gefe ta ce suna da dama, ta janye ƙaraminsu daga gabana kamar na zo saye. Maman Emeka ta ja hannun rigata ta ce in rufe bakina kafin a rufe mini.

Kindilari ta bakin ruwa

Tun daga nesa hayaƙin banda ya tarbe mu. Nan ne mutane suke. Barebari, Buduma masu jiragen ciyawa, Kabawa da Sakkwatawa masunta, Jukunawa, Shuwa da shanunsu, ga 'yan'uwan Maman Emeka suna ta cika kwalaye da kifi. Kowa da rediyo a rataye, kwalekwale kuma an fara sa musu inji. Gidajen duk na kara ne da zana, don ba wanda zai yi gini a inda bai san ko baɗi ruwa zai tsaya ba. Maman Emeka ta shige ciniki, ni kuma na ce bari in je in ga tafkin nan da aka raine ni da labarinsa.

Ban ga teku ba kamar yadda na zata. Ciyayi ne dogaye sun fi mutum, da hanyoyin ruwa a tsakaninsu, can gaba kuma tsibirai. Na tuɓe takalmi ɗaya, na sa ƙafa a ruwan, ina cewa a raina yau ga ni a inda Baba ya yi jarumtaka. Sai na ji huci. Na ɗaga kai, ga wani abu ya ratso ciyawa yana iyo ya nufo ni, hanci kawai ake gani yana feso ruwa, da wasu ƙatta biyu a kansa kamar tuluna.

Jama'a, ban san lokacin da na juya ba. Na ratsa ta cikin ragar da aka shanya, na ture kwandon wani, ina ihu, "Dorina! Dorina!" Kasuwa ta watse. Masunta suka fito riƙe da mashi, mata suka suri yara, wani ya faɗa cikin tokar banda. Aka yi cirko-cirko a bakin ruwa. Abin nan ya taka ƙasa, ya fito a hankali, ya girgiza jiki, ya yi kuka. Saniya ce, fara sol, irin shanun tafkin masu ƙaho kumburarre, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Bayanta kuma ga 'yar maraƙarta.

Dariyar da aka yi mini a wurin nan, ban yi zaton akwai irinta a duniya ba. Amma akwai wata tsohuwa a bakin murhun banda da tata dariyar ta fi ta kowa, har ta zauna a ƙasa tana share hawaye da gefen zane. Da ta samu numfashi sai ta yafuto ni. Hausarta irin ta masunta ce, a wurinsu ta koya.

Ta ce, "Yaro, zo nan. Kai ɗan Modu ne."

Na ce, "Inna, ya aka yi kika sani?"

"Gudun. Hannu ɗaya a sama, takalmi ɗaya a ƙafa. Mutum ɗaya na taɓa gani ya yi wannan gudun. Ngurtu yana raye?"

Ita ce Ya Falmata, taubashiyar Baba, tare suka tashi a gidan gindin tsamiya. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce ranar tana wurin, sun je wanke ƙwarya, saniyar kawunsu ta fito daga ruwa, Modu ya zubar da komai ya ratsa gari yana ihun ngurtu, maza suka fito da makamai, har liman. Sunan ke nan ya bi shi. Na ce mata a Kano cewa yake shi ya tare ta. Ta ce, "Ya tare ta mana. Da bayansa."

Na kwana biyu a wurinta. Ta ciyar da ni kifi har na fara jin kunyar kallon ruwa. Ta tambaye ni idonsa, da haƙoransa, da ko har yanzu yana cin barkono kamar mai gaba da cikinsa. Da na gaya mata ya daina fita, ya daina ci, sai dariyar ta ɗauke. Ta ce duk sa'o'insu sun ƙare, daga ita sai shi. Ranar da za mu taso ta shiga bukka ta fito da wani ƙaho, kaurinsa ya kai cinyar mutum amma ba nauyi, ta naɗe shi a tsumma. Ta ce, "Na jikanyar dorinarsa ne. Ka ba shi a hannu, kada ka ce komai."

Komowa

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta sai warin banda, wanda ya zauna a jikina har karnukan Damaturu suka yi mini rakiya. Tunani ɗaya na yi ta yi: me zan faɗa a majalisa? Idan Baba Jauro, Bafillatani, ya ji saniya ce ta kori Babarbare, ai Baba ya gama fita har abada. Ga kuma nawa abin kunyar. Muna hawa gadar Wudil Maman Emeka ta ce, "Tela, bakina yana da nauyi, amma Emeka na bukatar sabon wandon makaranta." Na ce har da riga.

Bayan la'asar muka shigo Kano. Ban ko shiga gida ba majalisa ta tare ni, Baba Jauro a gaba. Na ga labulen tagar Baba ya motsa, na san yana ji. Sai na ɗaga murya.

Na ce, "Kindilari tana nan, ba ma ɗaya ba, uku ce. Kalanda ba ta sa ta ba ne don garin ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto, ruwa yake bi. Mutanenta kuwa, na tambayi mai unguwa da kansa, ya ce ba sa ƙirguwa. Makaranta tana nan, ta bulo, a ƙofar gidan su Baba aka gina ta, a jikin tsamiyarsu ake buga ƙararrawa."

Baba Jauro ya ce, "Dorinar fa?"

Na ce, "Na sami wadda aka yi abin a gabanta. Ta ce ranar ba wanda ya rage a ɗaki, har liman sai da ya fito."

Duk abin da na faɗa ba ƙarya a ciki, Allah ne shaida, gyara kawai na yi masa irin na tela.

Na shiga wurin Baba. Ya rame fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na sa masa ƙunshin a hannu, ban ce komai ba. Ya warware, ya shafa daga tushe har tsini, ya sake shafawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na zaci kuka ne, ashe dariya ce, daga baya kuma ta zama duka biyun.

Ya ce, "Falmata tana raye."

Na ce, "Tana raye, Baba. Ta ce a tambaye ka barkono."

"Ta faɗa maka?"

"Ta faɗa mini."

"Ruwan fa?"

Na gaya masa gaskiya, cewa masara ce yanzu a gindin tsamiya. Ya gyaɗa kai ya ce a zamanin kakansa ma ruwan ya taɓa tafiya ya dawo. Sannan ya ce a miƙo masa rigarsa da sandarsa, a kuma ce wa mahaifiyata ta ɗora tuwo da yawa.

Ya fito majalisa da ƙahon a hammata. Ni dai gumi ya karyo mini. Ya lalubi inda Baba Jauro yake, ya dangwara masa a cinya ya ce, "Ga haƙorinta nan, bawana. Sai ka nemo shi a kalanda."

Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a kara, kasuwar dabbobi, yana duba shanu, shi aka miƙa wa ƙahon saniya. Baba Jauro ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina. Ya dube ni. Ya dubi wuyan Baba da ya zama kamar na zakara a cikin riga.

Ya ce, "Kai, Modu. Irin wannan dabba, ko ni na gan ta a ruwa sai na ruga."

Baba ya ce, "Ni ban ruga ba."

"Na sani. Zauna, ga fura nan tun ɗazu take jiran ka."

Baba ya zauna ya shanye ta tas, ya fara labarin daga farko, dorinar kuwa ta ninka ta bara. Da aka kira magariba aka tashi, Baba Jauro ya riƙo hannuna a zaure ya yi ƙasa da murya.

"Bukar, fara ce ko ja?"

Na ce, "Fara ce, Baba Jauro."

Ya ce, "Na san irinsu, masu iyo. Kada ka gaya masa na gane. Bari ya ƙara ƙiba tukuna."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna, ko da yake takalmi ɗaya ya zauna a Kindilari. Na gode wa Maman Emeka, wadda ta riƙe alkawari har Emeka ya gama firamare a cikin ɗinkina, da Ɗanlami da bai kashe mu ba, da Malam Haruna da yaransa na bakin tafki. Ya Falmata kuwa, Baba ya sa na ɗinka mata zane da riga, Maman Emeka ta kai mata, tare da ƙullin barkono.